Rahoton Albasar Galmi

Baƙo ya jira abokan aikinsa kowa ya fita sallar azahar, sannan ya ɗaga faifan da ke kan teburin Ikilima. Lambar sirrin ordinatarta, wato kwamfuta, na manne a ƙarƙashi, kamar ta kowa a buro, ofishinsu na aikin noma.

Shekara tara ya yi yana bin gonakin albasa daga Galmi har Badaguishiri, yana auna ruwan da famfon sola ke bai wa manoma, sai gara ta cinye takardunsa. Yanzu Ikilimar nan da ta zo bara aka ce za ta kai rahoto Yamai, gaban masu fitar da albasa waje.

Ya buɗe ordinatar, ya nemo rahoton, ya goge komai. Allon ya yi baƙi, ransa ya yi fari.

Da la'asar ya tarar da ita tana kuka.

"Haƙuri, ƙanwata. Haka Allah ya so."

"Ba nawa ba ne, Yaya Baƙo. Wata shida ina bin manomanka ina sake tattara aikinka. Sunanka na sa a kai. Na roƙi darakta, ya yarda kai za ka tahi."