Jan Ɗigo a Ƙofar Mama

"Duk faɗin garin nan, na'urarka ba ta ga wurin gina babban kanti ba sai gaban shagona?"

"Ba ni na zaɓa ba, Mama, taswira ce."

"Taswirar ce ta goya ka?"

Aikin ɗan nata ke nan a kamfanin da zai gina kantin: ya zuba wa kwamfuta tituna da zirga-zirgar mutane, ta nuna inda ciniki yake. Kuma ya sani, shagon da kantinsu ya tsaya a gabansa ba ya shekara.

Ya ture buhun gishiri, ya buɗe kwamfutar, ya nuna mata wani ɗigo jajawur.

"Inda jama'a suka fi taruwa ne yake yin ja. Masu sayayyarki ne, Mama. Ke kika tara su."

Ya jira kuka. Har ya tanadi haƙurin da zai ba ta.

Ta gyara tabarau, ta bi titinsu a kan taswirar da yatsa mai maiƙo, har ta tsaya kan shagon ƙanwar mijinta. Ta rage murya.

"In na rufe na tura su can, yaushe jan zai koma ƙofar gwaggonka?"