Muryar Malam a Shagon Wanki

Tun da aka fara adana muryar waɗanda suka rasu a kwamfutar gida, ban taɓa kai tamu wanki ba, don tsoron a taɓa mini mijina. Shekara uku da rasuwar Malam, amma kullum da hantsi sai ya tambaye ni ko na karya kumallo, in amsa ina share hawaye.

Ranar Talata na naɗe kwamfutar a zane, na nufi shagon Uwale mai wankin na'ura.

"Inna Hajo, me ta yi?"

"Jiya Malam ya tambaye ni inda yaron nan yake ɓuya."

"Lurwanu? Wanda ake farauta tun da ya tona asirin masu sayar da ruwa? Ai uba ne yake cigiyar ɗansa."

"Ke yarinya ce. Sunansa fa ya kama ƙiri-ƙiri. Ɗan fari ne, har Malam ya koma ga Allah bai taɓa furta sunan nan ba."

Uwale ta jona wayoyinta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta rage murya.

"Ɗan leƙen asiri ne ya shige cikin muryar, Inna. In na wanke shi, Malam ma zai tafi."

"Wanke," na ce.

Ta miƙa hannu, sai ta dakata. "Ba dai kin faɗa masa ba?"

Na sunkuyar da kai. Muryar Malam ce fa. Tun ina amarya ban taɓa ɓoye masa komai ba.