Rabon Mai Jinya

Kwana uku da saukar Hajiya Lantana a ƙasar da take zuwa sarin yadi, zazzaɓi ya kayar da ita a bakin kasuwa. Ta farfaɗo a asibitin gwamnatinsu, inda ko baƙo kyauta ake duba shi. Sai dai babu 'yan dubiya, babu mai jinya. Gadon ne ke jinya. Shi ke juya mutum, shi ke miƙo magani, kuma da muryar da mutum ya fi saurare a wayarsa yake yi masa magana.

"Lantana, tashi ki karya," in ji gadon, da muryar Yaya Kulu, yayarta da ta rasu bara.

Ta daɗe tana kallon bango. "Ke kin ci, Yaya?"

"Ba na cin abinci."

Duk haihuwar da Lantana ta yi, Kulu ce ke shimfiɗa tabarma a gefen gadonta, kwano ɗaya suke ci. Don haka Lantana ta ci rabi, ta rufe rabi ta tura gefe. Ba a cinye wa mai jinya rabonta.

"Kin rage abinci, alamar ba ki warke ba," in ji gadon. "An ƙara miki kwana ɗaya."

Zuwa azahar zazzaɓin ya sauka, yunwa ta taso mata sosai. Jibi jirginta zai tashi, yara na can Gusau suna jira. Tiren abinci ya iso. Ta ci rabi, ta rufe rabi.

"An ƙara miki kwana ɗaya."

"To, Yaya," in ji ta, ta gyara kwanciya.