Maido Mini da Tsohuwar Fankar

Kai mai gyaran rediyo na bakin titi, kai ka cuce ni, kuma ban yafe ba.

Ɗana makaɗin jita ne, irin mai kaurin muryar nan. Amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin jitar, tana da fanka a ciki mai ƙara kamar injin niƙa. Da ya kunna, sai matarsa ta shige ɗakin su yi ta ƙus-ƙus. Ina bayan bango, ba na jin komai sai "wuuu". Ni yarinya ce? Na san namana suke ci.

Da ya yi tafiya, na sa aka kawo maka amfilifayar. Ka hure ƙura, ka sa wata fanka babba mai juyawa a hankali, ka cusa roba a ƙarƙashin kusoshi. Har da cika baki: "Mama, yanzu ko tarin sauro za ki ji."

Na kuwa ji. Da ya dawo, na kafa kujera, na manna kunne a bango har wuyana ya ƙage. Sun yi zancen tsadar gas, sun yi na haƙorin jaririnsu, har kyanwar maƙwabta sun tattauna.

Ni fa? Ko sau ɗaya ba su ambace ni ba. Ko zagi! Ni da na haife shi, kyanwa ta fi ni.

Lokacin da fankar ke ihu, ni ce abin magana a gidan nan. Ka fito ka gaya mini inda ka jefar da ita, ka mayar da ita yau!