Ledar da Tanko Ya Karɓa

Tanko shi ke raka baƙi kan tudun ƙauyensu da ke kusa da Keita, don shi ne ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, yana jin Faransanci. A shekarun 1990 masu yawon buɗe ido sukan zo kallon fakon da ya koma daji. Matan gari ne suka haƙa ramukan tare ruwa a tudun, suka dasa itatuwa a ciki. Yayarsa Delu, wadda ta raine shi, tana cikinsu. Kullum tana cikin ramukan nan tana gyara, ƙafa ba takalmi, kuma ba ta tsoron taka komai, domin garinsu ba a san shara ba. Ko gwangwani aka samu, fitila ake yi da shi.

Wata rana ana dab da damina mota ta kawo baƙi biyar. Suka ci abinci a gindin wata ƙaya. Da suka gama, sai wata mata a cikinsu ta tattara gwangwanayen sardin da fasasshiyar kwalba ta ƙulle a leda, ta riƙe abinta.

"Wurin nan tsaf yake," in ji ta. "Kunya muke ji mu ɓata shi. Za mu koma da ita."

Ran Tanko ya sosu. A gidansu baƙo ba ya ɗaukar ko buta, balle shara.

"Haba Madam, ki ɗauki shara ina tsaye? Kawo nan."

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi taku uku, ya wurga ta cikin ramin itace.

"A nan ake zubarwa?" ta tambaya.

"Daji ne, komai cinyewa yake."

Shi ke nan, sauran ma kowa ya zazzage jakarsa. Direba ya gani, duk baƙin da ya kawo daga baya sai ya nuna musu ramin. Shi kuwa Tanko yana ta murna ya yi karamci.

Ruwan farko ya sauka, laka ta rufe komai. Delu ta shiga ramin nan gyara, murfin gwangwani mai tsatsa ya tsarge mata tafin ƙafa.

"Ba komi, ɗan yanka na," ta ce, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da aiki.

Bayan kwana takwas dafin ciwon ya bi jikinta, haɓarta ta ƙulle, jiki ya sandare. Aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kai su asibitin mishan, ita da Tanko. Wani ma'aikacin jinya mai suna Yosefu ya kwance tsumman, ya daɗe yana duba ciwon.

"Mi tat taka?"

"Gwangwani, cikin ramin icce," in ji Tanko.

"Kun jinkirta ƙwarai. Amma wa ka zuba gwangwani inda mata ka aiki?"

Tanko ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. "Ni na."

An yi iya ƙoƙari, amma washegari da hantsi Delu ta cika.

Jama'a, baƙo hannun mai gida yake kallo. In ya tarar da wuri tsaf, ya ga kana tattalinsa, shi ma zai tattala. Wanda ya ɗauki shararsa a bar shi ya tafi da ita, wanda ya zubar a gaya masa cikin ladabi. Wannan ba rashin karamci ba ne, kare ran 'yan'uwanmu ne.