Shirun Kwamfutar Lungu

Ana sallame la'asar, manhajar Junaid ta sake sandarewa.

Aikin gwaji yake yi a makarantar koyon kwamfuta ta Alhaji Maje da ke Tarauni. Soja ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa kuma na neman takardar shaidar ya iya kwamfuta, tun daga masinja har mai neman kansila. Alhaji ya raba makarantar gida biyu: maza ta ƙofar titi, mata ta ƙofar baya, bango a tsakani, waya ce kaɗai ta huda shi.

Manhajar ta aika saƙo ce tsakanin kwamfutocin makarantar. Ta kan teburinsa ita ce saba, mai tsaron ƙofa. Duk wadda ta ƙwanƙwasa sai ta buɗe mata soket, wato kafar magana, ta karɓi sunan wanda za a aika wa, sannan ta ware mata zarenta daban, kamar a ba kowane baƙo ɗan rakiyarsa don kada wani ya jira wani. Da safe gudu take kamar ɗan acaɓa ya hango fasinja. Da yamma ko motsi.

"Injiniya," in ji Alhaji Maje, yana jan kalmar kamar roba, "ranar Asabar mutanen ƙaramar hukuma za su zo gani. In abin nan ya yi mini wannan suma a gabansu, ga ƙofa can. Ita ba ta sandarewa."

Junaid ya canza wayar da ta haɗa kwamfutocin. Ya canza lambar kafar da saba ke saurare. Ya zargi janareto, ya zargi zafi, har fanka ya juya wa kwamfutar, shi kuwa yana gumi. Ya bi zaren nan ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko wasu biyu ne suka riƙe wa juna wuya, bai ga komai ba. Ɗakin mata kuwa ba a shiga sai sun tashi, in kuma sun tashi, lafiya lau komai ke tafiya, kamar ana yi masa gwalo.

A gida, a Gyaɗi-Gyaɗi, ya tasa tuwo a gaba yana lissafa wa ƙanwarsa Nafisa yadda ya fi kowa a ajinsu. Ta tura baki, ta dafe goshi, ta ce da muryarsa, "Matsalar ba daga ni ba ce, daga na'urar ce." Inna ba ta ko dubi inda yake ba. Cewa ta yi, "Nafisa, ki ce wa wancan tuwo ba ya jiran mai surutu." Ita dai ba ruwanta da harkarsa, tun da ta samu wani karatu da take fita da rana.

Ranar Alhamis ya sa saba ta riƙa rubuta duk abin da take yi a allo. Da yamma ta tsaya, ya duba layin ƙarshe: an buɗe soket ga kwamfutar lungu ta ɗakin mata, ana jiran suna. Shi ke nan. Ba a aiko da ko harafi ba.

Sai kunya ta ɗan kama shi. Ashe mai tsaron ƙofar ba ya miƙa baƙo ga ɗan rakiya sai ya ji suna. In baƙo ya tsaya ya yi shiru, shi ma sai ya tsaya yana kallon bakinsa, sauran jama'a na layi a waje har magariba. Gyaran bai fi a matsar da 'yan layuka ba. Amma ga Alhaji cewa ya yi, "Wata ce take mana zagon ƙasa."

"To ka nuna mini ita na sallame ta. In babu ita, kai ne."

Junaid ya kwana yana nazari, kuma nazarin ya yi masa daɗi. Mace ta buɗe akwatin saƙo kullum, ta zauna ta kasa rubuta suna? Ai wannan ba zagon ƙasa ba ne. Ya tuna Fauziyya 'yar Daurawa, wadda ta taɓa tambayarsa yadda ake kashe kwamfuta alhali hannunta na kan maɓallin. Ranar Juma'a bayan masallaci bai cire farar shaddarsa ba, ya ma ƙara turare. Ya shirya abin da zai ce, da muryar da zai ce shi, mai taushi amma ta malami.

Da saba ta tsaya, ya zagaya ta baya, Alhaji na biye da shi. Ya nemi iznin Malama Asma'u mai koyar da mata, ya yi sallama. Fauziyya na kusa da ƙofa tana wasan kati a allo, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

A lungu wata ce cikin hijabi ruwan toka, ta ba su baya. Ya matsa a hankali ya leƙa allon. Akwatin ƙasa cike yake, an rubuta da manyan baƙaƙe, babu waƙafi: ALLAH YA YI MAKA ALBARKA YA BA KA SAA A KAN AIKIN NAN. Akwatin sama, inda aka ce a rubuta sunan wanda za a aika wa, fayau. Yatsa ɗaya mai jan lalle na saman harafin J, ya sauka ya fasa, ya sauka ya fasa.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Hajiya, ke ce mai riƙe mana ƙofa?"

Ta juyo, ta ga wanda ke tsaye, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta mai da ido kan Malama Asma'u.

"Malama, ki ce wa wancan ya gyara abinsa," in ji Inna. "Wace uwa ce ke kiran sunan ɗan fari?"