Jan-Ƙirji a Tagar Cyril

Tsuntsun nan jan-ƙirji ya sake kai wa gilashin tagar karo, jini ya fantsama a kan hoton jan-ƙirjin da aka zana a jikin gilashin.

"Goge abin nan, Maxine," in ji tsohuwa Edna. "Na gaya miki, jan-ƙirji ba ya ganin jan wani a lambunsa ya ƙyale. Waƙarsa ma kashedi ce."

"Mama, don Baba na zana fa. Ya riƙa ganinsa yana waƙa, ko ya ji ƙarfin zuciya."

Wata bakwai ke nan baban Maxine, Cyril, yana kan kujera tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ba magana, ba motsi, har likita ya cire rai. Tsuntsun nan mai zuwa cin ɓarɓashin burodi kaɗai yake bi da ido.

A karo na biyar wuyan tsuntsun ya karye. Ya faɗi cikin ƙanƙara, ƙafafu a sama.

Sai kofin shayi ya wuce ta gefen kunnen Maxine, ya tarwatsa tagar.

"'Yar banza! Kin kashe min aboki!" in ji Cyril.

Edna ta dubi hannun da ya yi jifan. Na dama ne, shanyayyen. Ta damƙa masa nata kofin.

"Sake, tsoho. Ka kuskure ta."